Ladanin da Aka Ɓata Saboda Mesa

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Haladu a ƙauyenmu na gefen Zakirai, kuma har yau raina a ɓace yake. Ba da mutuwa nake fushi ba, wannan hukuncin Allah ne. Da mutanen garinmu nake.

Akwai wani tsohon suri a ƙarshen gonarsa, bakin fadama, inda wata mesa ta tare. Na sha ganinta tana shan hantsi: kauri kamar taɓarya, jiki ruwan ƙasa da dabbare-dabbaren baƙi, ga ɗan kai siriri. Yaya ya hana kowa taɓa ta. Yakan ce, "Ba ta da dafi. Gafiya take kanannaɗewa ta matse ta haɗiye, ta kwanta abinta. Ita ke min gadin rumbu." Haka kuwa abin yake, dawarsa takan kai wata damina ɓera bai taɓa ba.

To, laifinsa ke nan. Rumbunan maƙwabta na ƙarewa, nasa na nan, sai aka ce tsafi ne, wai mesar ke kwaso masa hatsin mutane. Haba jama'a! Mutumin da shi ne ladaninmu tun muna yara? Maƙwabcinsa, Malam Idi, shi ya fara cewa ba zai amsa kiran mai kiwon maciji ba. Aka karɓe ladancin. Yaya ya koma sahun baya, ya shigo a makare, ya fita kafin a shafa. Bai taɓa kai ƙara ba, amma mun ga yadda ya rame. Da ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba suka fasa surin, suka kashe ta, suka sayar da fatar.

Yau an nome fadamar kaf, ba suri, ba duhuwa, gafiya ta samu gari. Kowa maganin ɓera yake zubawa, kaji na tsattsaga suna mutuwa. Da Yaya zai leƙo, na san tausayinsu zai ji. Ni ban kai shi hali ba.

Bara Malam Idi ya tare ni a ƙofar masallaci, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, ashe gaskiyar Haladu ce."

Na ce, "A bainar jama'a ka ɓata shi, yanzu kuma raɗa za ka yi min?"

Har yau bai miƙe a masallaci ya faɗa ba. Jikokin Yaya kuwa, in sun fito wasa, 'yan gidan mai maciji ake ce musu. Iyakar abin da garinmu ya adana na ladaninsa ke nan. Allah ya jiƙan ka, Yaya. Na san ka yafe musu, ni dai ban yafe ba.