Makahon da ya gyara mini babur a hanyar Zandam

Jama'a, yau makaho ya gyara mini babur!

Na ɗauko Inna daga Zandam za mu asibiti a Gwaram, numfashinta sama-sama. Muna shiga yashin rafi, tsohon babur ɗina ya ƙi ja. Sai hayaƙi kawai!

Wani dattijo makaho a gindin tsamiya ya ce, "Malam, ƙara murza mai in ji."

Na murza.

Ya ce, "Salansa ce ta toshe. Turo shi nan, da can kanikanci nake yi."

Na miƙa masa sifana. Da lalube ya kwance salansar, ya zaƙulo gidan zanzaro guda! Ya kasa kunne, ya ɗan juya kafireto.

Wallahi da giya ɗaya muka haye tudun rafin kamar tarakta!

Alhamdu lillahi, Inna ta samu sauƙi. Ta ce gobe in kai masa babbar zabuwarta.