Ƙunzugun Litinin

A bayan gidan renon da ke jikin kamfanin ɗinki akwai wani ɗan fili da bai wuce taku goma ba. Famfo ɗaya ne a wurin, da baho uku, da igiyoyin shanya da suka ratsa daga katanga zuwa katanga. Nan ne wurin aikin matar da kowa ke kira Hanci, shekara tara ke nan. Sana'arta wankin ƙunzugun jarirai.

Wanda ya san ta tun tana ƙarama ba zai taɓa cewa nan za ta ƙare ba. A gidansu ita ce ba ta shan ruwa a kofin da wani ya sa wa baki. In ƙuda ya sauka a gefen kwanonta, ta gama cin abinci ke nan. Tana tsaye a ƙofar gida sai ta ce madarar da ke kicin ta fara juyawa, a je a duba a tarar haka ne. Yayyenta suka laƙaba mata Hanci don tsokana, sunan ya bi ta gidan miji, ya ci gaba da bin ta har bayan mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Lokacin ne yayar mijin, wadda ke da gidan renon, ta ce ta zo ga aiki. Ma'aikata Madam suke ce wa matar. Hanci kuwa Yaya take ce mata, yadda marigayi yake faɗa.

Ranar farko sau huɗu ta yi amai a bakin magudana. Aka ce mata za ta saba. Ba ta saba ba. Har yau sai ta ɗaure hanci da ƙyalle biyu kafin ta buɗe bokitin da masu reno ke turo mata ta ƙofar baya, kuma har yau in ta ɗaga murfin sai tsikar jikinta ta tashi. Zarni ne ke fara fitowa, sai tsami, sai wani ɗoyi mai nauyi da ke maƙalewa a maƙogwaro har bayan an tashi aiki. Tana da sanda ta musamman da take kankare ƙunzugu da ita, tana da safar roba har gwiwar hannu, amma duk da haka in ta koma gida ba ta taɓa tukunya sai ta yi wanka ta goge ƙarƙashin farcenta ɗaya bayan ɗaya.

Masu reno su biyu ne, babba da ƙarama, kuma ba su da abin nishaɗi sai ita.

"Inna Hanci, yau turare muka aiko miki," in ji ƙaramar tana tura bokiti da ƙafa.

"Allah ya ba ki 'yan uku, ki shaƙa a ɗakinki."

Sai dai ƙyanƙyamin nan ne ya koya mata abin da masu renon ba su sani ba. Wanda bai damu ba jefawa yake cikin ruwa ya kau da kai. Ita kuwa dole sai ta ga abin da za ta taɓa. Kowane ƙunzugu akwai zare mai launi da aka ɗinka a gefensa don kada na wani ya shiga na wani, saboda haka ta san yaran da zarensu, ko da ba ta cika ganin fuskokinsu ba. Ta san ranar da mai shuɗin zare ya fara cin ayaba, don baƙaƙen silili da suka fito kamar an yanka gashi an zuba. Ta san mai shan madarar gwangwani, nasa kauri gare shi da wari irin na manya. Na mai shan nonon uwa zalla kuwa ruwan ɗorawa ne mai laushi, ɗan tsami kawai yake yi, shi kaɗai ne take iya wankewa ba ta riƙe numfashi ba. In gwiwar wando ta fara baƙi, ta san wani ya fara rarrafe. In rigunan yaro suka riƙa zuwa jiƙe da miyau, ta san haƙori na hanya.

Mai jan zare shi ne Kumatu, ɗan wata biyar, ƙarami a cikin yaran duka. An sa masa sunan ne don sanda aka kawo shi idanunsa da ƙyar suke leƙowa ta saman kumatu. Uwarsa na aiki a kamfanin, a layin masu sa maɓalli, shi ya sa ake ce mata Mai Maɓalli. Haihuwarta ta fari ce. Kullum da safe sai ta kawo nonon da ta tatsa a kofi mai murfi, da rana ta sake tatsa ta aiko, masu reno su juye a fida, kwalbar da ake shayar da jarirai, su ba shi. Sauran iyaye da fidarsu suke zuwa su koma da ita gida. Ita Madam ta ce mata kada ta wahalar da kanta, akwai ta gidan, kullum ana zuba mata tafasasshen ruwa.

Mako uku ke nan Hanci na lura da jan zare. Ƙunzugun farko na ranar Litinin lafiya lau yake zuwa. Kafin yammacin Talata ya koma kore, ruwa tsululu, da majina a ciki, da wani ƙarni da ke ratsa ƙyallenta biyu. Laraba, Alhamis, Juma'a, sai ta ƙirga bakwai ko takwas a yini. Sai a tafi hutun ƙarshen mako, a dawo Litinin, ƙunzugu ya zo lafiya lau.

Ta gaya wa babbar mai reno. Matar ta ce, "Haƙori ne."

"Haƙorin da ke hutun Asabar da Lahadi?"

"Ke dai Inna, ki yi wankinki."

Ranar Alhamis ta mako na huɗu tana shanya kusa da tagar ofis, sai ta ji muryar Madam a ciki, da muryar wata tana shesshekar kuka. Ta leƙa ta gefen zani. Mai Maɓalli ce rungume da yaron. Hanci ta daɗe ba ta gan shi ba. Kumatun sun zube, wuya ya fito, maɗigarsa ta ɗan lotsa, ya yi lamo a kafaɗar uwar kamar tsumma.

"Ƙanwata, gaskiya zan gaya miki," in ji Madam. "Akwai matan da nononsu bai karɓi yaro ba. Ba laifinki ba ne. Yara nawa na rena? Ki cire shi, ki sa shi a madarar gwangwani, ki ga yadda zai murmure."

"Surukata ma haka ta ce. Ta ce ni ce nake kashe shi da hannuna. Babansa ya sayo gwangwanin jiya. Ranar Asabar surukar tawa za ta zo ta tafi da shi wurinta, sai nonon ya ƙafe."

"To kin gani. Manya sun san abin da suke yi."

Hanci ta tsaya da ƙunzugu a hannu yana ɗiga a kan ƙafarta, ba ta ma lura ba. Nonon da yaro ke sha Asabar da Lahadi ya warke, shi ne dai nonon da yake sha Talata ya yi gudawa. Uwar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne ta inda nonon ke bi ya shiga bakinsa.

A shekara tara ba ta taɓa shiga kicin ɗin gidan ba. Ita ce ta hana kanta, don a ganinta mai wankin kashi ba ta da abin yi kusa da abincin jarirai. Ranar, da tsakar rana, da yara suka yi barci masu reno suka zauna cin abinci, ta cire safa, ta wanke hannu sau uku har gwiwa, ta tura ƙofa.

Kicin ɗin tas yake. Tayil na ƙyalli, tawul a ninke, fidar Kumatu na kife a kan faranti tana walƙiya. Ido bai ga komai ba. Amma tana matsawa ta ji shi, can ƙasa da ƙamshin sabulu, wani wari siriri kamar na tsumman goge tebur da aka manta a leda. Ta ɗauki murfin, wato zoben da ke ɗaure robar da yaro ke tsotsa. Ta sa babban yatsa ta tura robar. Ta ƙi fita, ta manne. Ta ƙara ƙarfi, sai ta fito da wata 'yar ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo.

A cikin lungun zoben, zagaye guda, wani abu ne baƙi mai yauƙi, da fari-fari a jikinsa kamar ruɓaɓɓen cuku. Gindin robar ya yi fumfuna. Da ta karkata shi, wani ruwa mai launin toka ya gangaro ya taɓa mata yatsa. Duk nonon da yarinyar nan ke tsugunawa a banɗakin kamfani tana tatsa, ta nan yake bi.

Da ƙyar ta kai bakin magudana.

Babbar mai reno ta biyo ta da cokali a hannu. Da ta ga abin, ta ajiye cokalin. "Madam ce ta hana cirewa," ta ce a hankali. "Wai in an cire robar tana saki, ta riƙa yoyo. Sai dai mu wanke ta haɗe mu zuba ruwan zafi. Tun kafin a kawo shi ba a taɓa raba su ba."

Hanci ta sa zoben da robar a leda ta nufi ofis. Madam ta duba, ta yamutsa fuska, ta ture ledar da bakin biro.

"Ɗauke min wannan ƙazantar daga tebur. Gobe zan sayo sabuwa."

"Yaya, a gaya wa yarinyar."

"A gaya mata me? An sauya fida, yaro ya warke, shi ke nan."

"Jibi za a raba shi da uwarsa. Tana can tana ganin jikinta ne ke da guba."

"Madarar gwangwani ba ta kashe kowa ba. Ke kin san in maganar nan ta shiga kamfani, kafin Litinin ba sauran yaro ko ɗaya a gidan nan? Daga ina za ki ci? 'Ya'yan ƙanina daga ina za su ci?" Ta sassauta murya. "Matar ƙanina, jefa shi a shara ki wanke hannunki."

Hanci ta dubi yayar mijinta, da zobban hannunta, da turaren da ke tashi daga mayafinta, sai ta ji zuciyarta na tashi fiye da yadda bokiti ya taɓa tayar mata. Abin cikin bokiti ba da gangan yara ke yin sa ba. Ta ɗauki ledar ta fita, amma ba shara ta nufa ba.

Ƙarfe biyar aka buɗe ƙofar kamfani, mata suka fito da zare manne a zannuwansu. Hanci ta bari sai da Mai Maɓalli ta karɓo ɗanta ta goya shi, sannan ta tare ta a bakin titi.

"'Yata, ni ce mai wankin baya."

"Sannu Inna. Na san muna ba ki wahala kwanan nan, ki yi haƙuri."

"Ranar Lahadi sau nawa yake yin kashi?"

Yarinyar ta ce, "Sau biyu. Wani lokaci ɗaya."

"Da me kike ba shi ranar Lahadi?"

"A jikina yake sha."

Hanci ta buɗe ledar, ta miƙa mata nesa da jikinta. "A nan kuma da wannan yake sha."

Mai Maɓalli ta leƙa. Ta ɗauki lokaci kafin ta gane abin da take kallo. Da ta gane, ta toshe baki ta juya ta kama amai, yaron na lilo a bayanta. Hanci ta riƙe mata jaka har ta gama.

"Ba nonona ba ne ke nan."

"Nononki ne ma ya riƙe shi har yau. Yanzu ba gida za ki ba, asibiti za ki, a duba shi, jikinsa ba ruwa. Ki tafi da ledar ki nuna musu. In surukarki ta zo ranar Asabar, ita ma ki buɗe mata ta shaƙa."

Kwana biyu aka riƙe Kumatu ana ƙara masa ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ce kada a kuskura a cire shi daga nono, ta nuna wa uwar yadda ake ba jariri da ƙaramin kofi in ba ta kusa. Surukar ta zo, aka buɗe mata leda a harabar asibiti, ta koma gida ita kaɗai.

Maganar ta shiga kamfani kamar yadda Madam ta faɗa. Iyaye huɗu suka kwashe 'ya'yansu. Sauran ba su da inda za su kai, sai dai kowace ta riƙa tsayawa a ƙofa da yamma tana kwance murfin fida tana dubawa a gaban Madam. Madam ba ta kori Hanci ba, don ta nemi wadda za ta karɓi bokitin ta rasa. Ta dai daina amsa gaisuwarta, ta kuma aika wa dangi cewa matar ƙaninta ta ci amanarta.

Mai Maɓalli ta roƙi shugaban layinsu ya ba ta minti ashirin da rana. Ba ta yarda ta zauna a cikin gidan ba, sai ta zagayo baya da yaron, ta jawo wani baho ta kife za ta zauna.

"Ba nan ba," in ji Hanci ta cikin ƙyalle. "Kin san abin da aka jiƙa a bahon nan da safe? Koma can gindin katanga, iska ba ta kai warin can."

Yarinyar ta koma inuwa ta zauna a kan bulo, ta ɗaga riga. Yaron ya kama da hannu biyu, yana haɗiya ana ji har bakin famfo.