Motar da Ke Son Hagu

Ko sunana zan manta, ba zan manta lokacin da direban nan ya fara taka birki ba, jim kaɗan da fitowarmu daga Batsari. Akuya ce ta gifta. Maimakon motar ta tsaya inda take, sai ta ja hagu kamar an riƙo kunnenta, har muka leƙa hannun masu tahowa. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji an taka birki sai in karkata dama, mutane su yi ta kallona.

Safana za ni barkar yayata da ta haihu, tafiyata ta farko ni kaɗai bayan na gama sakandare. Mu uku ne a baya: ni, da wani tsoho mai carbi, da wata Hajiya mai jiki da ta cika ƙofar hagu. Na so in ce a sauke ni, amma kunya ta hana ni magana a gaban manya.

Da motar ta sake yi, sai direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kar ki ji haushi, nauyinki ne ke rinjayar ta."

"Nauyin uwaka!" in ji Hajiya. "Kafin a haife ka nake shiga mota, ba wadda ta taɓa bin gefena."

Duk da haka aka sauya zama. Tsoho ya koma hagu, Hajiya tsakiya, ni aka matse ni da ƙofar dama. Aka taka birki, mota ta ja hagu abinta. Hajiya ta ce, "To, Baba, yanzu kai ne mai ƙiba."

Nan direba ya kawo dabarar da har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Wai duk sanda ya ce "Birki!" kowa ya kwanto dama. Kuma muka yarda! Ya ce "Birki!", tsoho ya faɗo kan Hajiya, Hajiya ta faɗo kaina, ni kuma in manne da gilashi ina kalmar shahada da rabin baki.

A wata gangara muka tarar da shanu sun cika titi. Direba ya ƙwalla "Birki!" da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Muka kwanta dama, mota ta tafi hagu, ta tsallake titi, ta burma gonar wake, ta juya ta tsaya tana kallon Batsari. Ba wanda ya ji ciwo. Ni dai na kasa sakin mayafin Hajiya.

Wani mai babur ya ɗauko mana bakanike daga ƙauyen da ke gaba. Ya taɓa tayar gaba ta hagu, ya janye hannu don zafi. Ya taɓa ta dama, sanyi ƙalau. Ya leƙa ƙasa, ya ɗago yana salati. Ashe bututun man birkin dama ne ya taɓa yoyo, direba ya lanƙwashe shi ya daddake da dutse don kar mai ya zube. Tayar hagu kaɗai ke kamawa a gaba, ita ke jan motar.

Direba ya sosa ƙeya ya ce, "Ai na ɗan lokaci na yi."

"Tun yaushe?" in ji bakanike.

"Tun kakar bara."

Hajiya ta cire takalmi, tsoho ya shiga tsakani.

Da aka sauya bututun, bakanike ya ce sai an yi ta taka birki an fitar da iskar da ta shiga ciki, kuma bai yarda da ƙafar direba ba. Ni ya sa a kujerar direba. "Taka, ƙanwata! Riƙe! Saki!" Ƙafata na rawa har ya leƙo ya ce, "Ke, na ce ki riƙe, ba kiɗa na ce ki yi ba."

Ana kiran la'asar ya gwada motar a titi, ya taka birki, ta tsaya cak a miƙe. Ya dube ni ya ce, "Share hawayenki, kin tsira. Ki zauna duk gefen da kike so."

Abin da na koya ranar: kunya ba ta tsayar da mota. Duk direban da ya nemi fasinja su taya shi taka birki, ki ce masa a gaban kowa, "Malam, sauke ni nan."