Rakiyar Baba zuwa gindin darbejiya

Ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru daidai ba. An kwana biyu, kuma ni mutum ne mai yawan juya abu a zuci, har nakan kasa bambance abin da aka faɗa da abin da na yi zaton za a faɗa. Amma gundarin maganar ina jin ban manta ba.

Muna aji uku a jami'a a Wudil, ɗakinmu ɗaya da wani abokina ɗan wajen Ɗankaza. In damina ta sauka, duk ƙarshen mako sai ya tafi gida noma, ya dawo mana da dafaffiyar gyaɗa. A gona ya koyi shan ƙwayar nan da wasu 'yan ƙwadago ke sha don kada su gaji. Daga baya ya riƙa shanta don karatu, daga nan kuma ba don komai ba. Ban gane da wuri ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo muna alwalar la'asar. Da ya farfaɗo ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. A ganinsa in makaranta ta ji korarsa za a yi, shi kuwa shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a.

Akwai ofishin ba ɗalibai shawara, wani dattijo ke riƙe da shi, kowa Baba yake ce masa. Sai dai ɗalibai ba sa son a gan su a ƙofar, don wanda duk ya daɗe a ciki an gama yanke cewa ko ya taɓu ko yana shaye-shaye. Ni na fara zuwa ni kaɗai. Na yi ta kewaye-kewaye, wai wani ne ya ce mini wani yana da wani aboki. Baba ya bari na gama, ya tabbatar mini ofishinsa ba na kora ba ne, sannan ya ce, "Ka ce wa wanin nan ya zo ya gaishe ni. Gaida dattijo ai ba laifi ba ne."

Da ƙyar abokina ya yarda. Muka shiga, aka buɗe gaisuwa: ya karatu, ya mutanen gida, ya ruwa a wajenku, gero ya fara fitar da kai? Abokina kuwa lafiya lau kawai yake jerawa. Suka koma hirar taki da ciyawa. Ni ina gefe, ina ta yi wa Baba alama da ido cewa ga fa mutumin.

"Ɗana, wani abu ne ya faɗa maka a ido?" in ji shi.

Na ce a'a. Muka miƙe ba a taɓo komai ba, raina duk ya ɓaci. Sai Baba ya zura takalmi ya ce bari ya taka mana. Muna fita ya ce ƙafata ta fi tasu sauri, in yi gaba in jira su gindin darbejiyar da ke kusa da masallaci.

A can na tuna abin da na sani tun ina yaro: baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi a kan tabarma, sai an zo rakiya. Na hango su suna tafe a hankali, kowa na kallon gabansa. Duk mai wucewa dattijo kawai zai gani yana raka baƙinsa. Abokina ya gaya mini daga baya cewa Baba bai ko dube shi ba, ya dai tambaye shi tun yaushe barci ya ƙaurace masa. Ya ce da a zaune ne ido cikin ido, ba zai iya buɗe baki ba.

Gaisuwar ta zama ta kowane mako. Baba ya haɗa shi da likitan asibitin makaranta, don ya ce yanke ƙwayar lokaci guda na da haɗari. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Dab da jarrabawa abokina ya sake sha, amma shi da kansa ya je ya faɗa. Ba a kore shi ba, tare muka gama, yanzu yana koyarwa yana kuma nomansa.

Wata rana kuma, tun muna makaranta, da aka zo rakiya sai Baba ya tura abokina gaba, ya riƙe ni. Abokina ya wuce yana dariya yana cewa, "Yau layi ya zo kanka, sarkin fargaba." Ashe Baba ya lura nakan tambayi abu ɗaya sau da yawa, musamman in jarrabawa ta gabato. Mun yi magana, kuma ina jin ta amfane ni, ko da yake har gobe nakan koma in duba ko na kulle ƙofa.

Abokina ya ba ni izinin rubuta wannan, amma ya ce ba a bakin famfo ya faɗi ba, a ƙofar ɗaki ne. Wataƙila shi ke da gaskiya. Waɗanda muka zauna tare a lokacin, ko wanda Baba ya taɓa raka shi, in kun ga inda na kauce, don Allah ku aiko mini in gyara.