Maɗacin da Na Kashe

Ranar wata Laraba ce, a damunar shekarar da na shiga aji huɗu, kakata Iya ta miƙo mini wuƙa ta ce in je lambun gari in samo mata ɓawon maɗaci, ciki ya dame ta. Lambun nan fili ne a cikin garinmu Tudun Wada, ba shi da katanga, sai dalbejiya da mangwaro da wani ƙaton maɗaci guda. Nan tsofaffi ke shimfiɗa buzu bayan azahar, masu dawowa daga daji su sauke itace su huta, mu kuma mu yi langa can gefe, don Baba Ɗanlami mai kula da wurin ba ya son hayaniya.

Na san ƙa'idarsa sarai. Kullum yakan ce, "Ku ɗebi gefe ɗaya, ku shafe wurin da laka. Itace ma yana jin ciwo." Amma ran nan ya tafi jana'iza Kiru, ni kuma ina son Iya ta yabe ni. Na ɓare gefe ɗaya, na ga ɓawon yana fita ba wuya, sai na bi gindin na zagaye shi kaf. Na cika gaban rigata na kai gida. Iya ta raba wa maƙwabta, aka yi ta sa mini albarka.

Da damuna ta zagayo, maɗacin ya bushe ƙayau. Mutane suka ce Baba Ɗanlami ne ya bar masu magani suka ɓare shi, mai unguwa ya karɓe aikin daga hannunsa. Ina tsaye a wurin Baba Ɗanlami ya ɗauki garwarsa da fartanyarsa, ya ce, "Allah ya san gaskiya," ya wuce. Ban buɗe baki ba. Har ya rasu ban buɗe ba.

Bara na tara 'ya'yansa a ƙofar mai unguwa na yanzu, na faɗi abin da na aikata, don a wanke sunan ubansu. Babbansu ya ce sun yafe. Na roƙa a bar mini ɗan abin da ya rage na lambun, wanda shaguna ba su cinye ba, na dasa maɗaci biyar, na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Kowace safiya nakan kawo ruwa daga rijiyar masallaci. Wani ɗan acaɓa yakan tsokane ni: "Baba, da wannan gwiwar taka? Bari mu kafa rumfa kowa ya huta!" Nakan ce, "Ɗana, rumfa sai bayan raina."

Da can, in ka zauna a wurin kukan kurciya kake ji. Yau sai ƙarar injin niƙa, dashen nawa kuwa ko ƙuguna bai kai ba. Na san ba ni zan zauna a inuwarsu ba. Gobe ma zan ɗebo ruwa.