Katin Inna a Hannun Goggo

Shekarun baya, zamanin da nake aikin awon auduga a Funtua, na yi wata dabara da har yau in na tuna nake jin kunya. Duk wanda ya daɗe a bakin sikeli ba ya yarda da mutum, don ya ga yadda ake jiƙa auduga a kawo, ya kuma ga yadda ake danne sikeli da yatsa. Da wannan halin nake zuwa ƙauyenmu na wajen Malumfashi duk Juma'a, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni sanin duniya.

Wani rani, wasu likitoci daga Zariya suka shiga ƙauyuka suna duba wuyan mutane. A yankinmu maƙoƙo ba baƙon abu ba ne, kusan kowace unguwa akwai mace mai kumburin wuya. Suka ce bincike suke yi, wai a cikin masu maƙoƙo akwai kaɗan da nasu ciwon daji ne, su suke nema. Wata nas 'yar Kafur, Kirista, wadda kowa ke kira Sista, ita ke taɓa wuyan mata. Da ta taɓa na mahaifiyata sai ta daɗe. Na Inna ɗan ƙullutu ne a hagu, bai wuce goriba ba, amma da tauri. Sista ta ba ta kati, ta ce ranar kasuwa mota za ta zo ta kai ta wurin babban likita.

Na tare Sista a zaure. "To ku mene ne ribarku?"

"Ilimi, Malam. In ciwon ne, za a yi mata aiki. Bayan aikin akwai ƙwayar da ake sha, wasu za a ba su da yawa, wasu kaɗan, a ga wanne ya fi hana ciwon dawowa."

"Wanne ya fi?"

"Ba mu sani ba tukuna. Abin da ake bincike ke nan. In ba ta so, ba dole, aikin dai za a yi mata."

Ni kuwa na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Likitan da ya ce bai sani ba, ga mota kyauta, ga takardar dangwala yatsa? A dandali ana ta cewa jini suke kwasa, wasu na cewa wanda aka yanka wa wuya ba ya dawowa. Ban yarda da duka ba, don ni na yi boko, amma ban ƙi duka ba.

Sai dabara ta zo mini. Goggona, ƙanwar mahaifina, tana da maƙoƙo kamar tulu tun ina goye, kuma bai taɓa hana ta cin tuwo ko faɗa ba. Na karɓi katin daga Inna na ce zan adana, na kai wa Goggo. Na ce ta je da sunan Inna ta gano mana abin da suke yi wa mutane.

"Kai ɗan nan, ni ce akuyar gwaji ke nan?" Ta yi dariya ta ɗaure katin a bakin zane. "Kawo. Dama ban taɓa shiga motar Turawa ba."

Inna kuma na ce mata an ɗage tafiyar. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗi, balle ta tsaya jayayya da ni.

Goggo ta dawo da yamma fes, tana ba da labarin fankar asibiti. Ranar Sista ba ta nan, likita ya duba wuyan da aka kawo masa, ya ce maƙoƙo ne na gama-gari, ta riƙa cin gishirin kanti. Aka rubuta a katin Inna cewa ba komai. Na koma Funtua ina yaba kaina: na gwada su, kuma ban ba da uwata ba. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa wuyan da ya kamata a duba yana gida yana surfe.

Da damina ta kankama, muryar Inna ta fara dishewa. Na ce sanyi ne, na kawo citta da zuma. Daga baya na lura ta bar tuwo ta koma kunu, shi ma sai ta lanƙwasa kai take haɗiya. Tsoro ya kama ni, amma ta ina zan koma wurin mutanen da na yaudara?

Wata Juma'a ina zaune a zaure sai ga Sista a bayan babur, taɓo har gwiwa. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta zaro takarda.

"Malam, ni na rubuta ƙarami ne, mai tauri, a hagu. Likita ya rubuta babba ne, mai laushi, ya cika wuya. A mako ɗaya. Wace ce kuka aiko?"

Na fara kame-kame. Goggo ta leƙo daga cikin gida da maƙoƙonta a gaba, ta ce, "Sista sannu da zuwa, ina gajiyar fanka?" Magana ta ƙare.

Sista ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta wuce ciki ta durƙusa gaban Inna, ta sake yin bayanin duka daga farko. Na buɗe baki zan amsa kamar yadda na saba, ta ɗaga hannu.

"Malam, yi haƙuri. Wuyanta ne. Inna, kina so ki je?"

Inna ta dubi ƙasa, ta ce da 'yar muryar da ta rage, "Tun ranar farko na wanke zanena na ajiye. Ba a tambaye ni ba."

Aka yi aikin a Zariya. Ciwon daji ne. Likita ya ce ya riga ya taɓa jijiyar murya, da ta zo da rani wataƙila da an tsira da ita. Ya ce wataƙila, bai ce tabbas ba, amma ni ban taɓa samun sauƙi a wannan kalmar ba. Da hannunta ta dangwala takardar binciken, bayan ta sa an karanta mata sau biyu. Duk wata uku ni ke raka ta awo, kuma ban fasa hali ba: ina tambayar me aka ɗiba, ina za a kai, wa zai gani. Suna amsa mini, har suka sa mini suna Sufeto.

Har yau ban ce zargi laifi ba ne. In aka zo da bincike kan jikin wani naka, ka tambaya har sai ka gamsu, wanda ya ƙi amsa ka guje shi. Kuskurena shi ne na zargi kowa ban da kaina, kuma na tambayi kowa ban da mai wuyan.

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ta ga jikoki, amma da raɗa take magana. Duk mai son jin ta sai ya durƙusa ya kai kunne kusa da bakinta. Ni ma haka na riƙa yi, safe da yamma. Sai da muryarta ta tafi sannan na koyi sauraronta.