Kofin da Orval Pruett Ya Kai Gida

Orval Pruett mai gyaran firji ne a garin Tolbert, can yammacin Oklahoma, kuma ba za ka sami wanda zai kira shi mugu ba. In firjinka ya mutu ranar Lahadi, da rigar coci zai zo ya durƙusa a kicin ɗinka, ba zai tashi ba sai ya ji injin ya kama. Ciwo ɗaya ke gare shi a duniya, sunan ciwon Lonnie Tackett.

Tare suka buga wa sakandaren garin ƙwallo irin ta Amurka, wadda ake jifa da hannu ko a rungume ta a ruga. Lonnie ne kwatabak, mai jifa, wanda gari ke cika fili don ya gani. Orval kuwa, da yake tun yana yaro ƙato ne, tsakiyar layin gaba aka ajiye shi. Aikinsa ya sunkuya, ya miƙa wa Lonnie ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, sannan ya sa ƙirji ya tare ƙattin da ke neman murƙushe Lonnie. Shekarar da suka cinye gasar gunduma, jaridar garin ta buga hoto a shafin farko. Ga Lonnie nan, hannu a sama, haƙora a waje. Abin da ya fito na Orval a hoton, mazaunansa ne da lambar rigarsa. Duk da haka tsohuwarsa ta yanke hoton ta liƙa a bango, kowa ya shigo sai ta ɗora yatsa ta ce, "Ga nawa nan."

Orval gwiwoyinsa biyu a filin nan ya baro su. Lonnie ya fito ko ƙwarzane babu, ya buɗe wurin sayar da motocin ɗaukar kaya, gashin kansa ma har yau bai zube ba. Kamar hakan bai isa ba, sai Orval ya je ya auri Nadine, ƙanwar Lonnie. Yana sonta, wannan babu ja. Amma tun daga lokacin, duk wani biki na shekara sai ya zauna teburi ɗaya da Lonnie, yana yanka talotalo, ana ba da labarin jifan da Lonnie ya yi a wasan ƙarshe, kamar ƙwallon daga sama ta faɗo masa a hannu.

Suna gab da shekara sittin, sai Hubbell, tsohon mai kantin magani, ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, ya samo musu wani wasa a intanet. Kowane mutum a ba shi ƙungiyar 'yan wasan da babu su sai a kwamfuta. Shi zai zaɓe su, ya horar da su, ya jera kowa a gurbinsa. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci sai a hallara a gidan abincin Verna, a kunna talabijin ɗin bango, kwamfuta ta buga wasannin ana kallo ana shan gahawa. Hubbell ne alƙali. Wanda ya cinye kakar wasa ya tafi gida da wani tsohon kofin tagulla ya riƙe shi shekara guda.

Sauran mutane wasa suka ɗauke shi. Orval kuwa ya ga ƙofar da aka daɗe da rufe masa ta buɗe. A nan ba ruwan kowa da gwiwa ko gashi. Ya samo wani matashin kwatabak mai suna Boyd Ransom, ya yi ta renonsa kaka bayan kaka kamar ɗan maraƙi. Yana cikin gyaran firji sai ka ga ya ciro waya ya duba ko hannun Boyd ya ƙara ƙarfi. Nadine ta taɓa cewa da Boyd na da baki, da tuni an sa masa kujera a teburin cin abinci.

Shi kuwa Lonnie, mutumin da ya yi kwatabak na gaske, ko damuwa bai yi ya nemi kwatabak ba. Ya lura kwamfuta ba ta tambayar wanda aka tsayar a gurbin, sai ya ɗauko wani ɗan gudu mai saurin tsiya ya dasa shi a wurin. Ɗan gudun ba ya jifa. A miƙa masa ƙwallo, ya rungume ta, ya arce. Da wannan shirmen Lonnie ya ɗauke kofi kaka biyu a jere, ta biyun a kan Orval da Boyd ɗinsa.

"Wannan ba ƙwallo ba ce, sata ce da rana tsaka," in ji Orval, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Haba Ƙato, sha gahawarka kafin ta huce," in ji Lonnie. "Kwamfuta ta hana ne? Verna, ƙara masa sukari, bakinsa na ɗaci."

Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta fi cin Orval, domin har da waɗanda Lonnie ya lallasa ake yin ta.

Ya tona, ya bincika, har ya gano wasan na da wani maɓalli da alƙali kaɗai ke iya dannawa. In an danna, duk wanda aka tsayar a gurbin kwatabak alhali ba kwatabak ba ne, fiye da rabin gwanintarsa za ta zube. Ƙwallo ta riƙa suɓuce masa, in ya yi jifa ta tafi hannun abokan gaba. Hubbell ya ce ba zai danna ba sai an kaɗa ƙuri'a. To, bazarar nan kaf, duk ɗan gasar da firjinsa ya yi tari sai ya sha wa'azi. Orval zai kwance bayan firji, ya baje kusoshi a ƙasa, nama na narkewa a kan tebur, sannan ya ɗago ya ce, "Tsakaninka da Allah, abin da Tackett ke yi daidai ne?" Wa zai ce daidai ne a irin wannan hali?

Ranar ƙuri'a hannuwa suka tashi. Abin haushi, hannun Lonnie ne ya fara tashi.

"Gaskiyarka ce, Ƙato. Ni ma gudun ya fara isata."

Orval ya so ya ga mutumin ya fusata, ya buga tebur, ko da sau ɗaya ne. Bai samu ba. Lonnie ya ɗauko wani kwatabak mai dama-dama da kowa ya ƙi, ya ci gaba da cin wasa yana fito.

Amma a kakar nan Boyd ya nuna. Jifansa kamar da awo, babu ƙungiyar da ta iya tsayawa gabansa. Orval ya fara gaisawa da mutane da fara'a, har ya share wa kofin wani wuri a kan kabad ɗin falo. Sai dai tsohon ɗan layin gaba bai san wata hanyar son kwatabak ba sai ta kare shi. Ana gab da rufe musayar 'yan wasa, ya ba da kwatabak ɗinsa na ko-ta-kwana ya karɓo wani ƙaton mai tare gaba. Hubbell ya ce masa, "Orval, in Boyd ya ji ciwo fa?" Ya ce, "Ta ina? A bayan katangar da na gina?"

A wasan kusa da na ƙarshe suka yi nasara, amma ana dab da tashi wani ya zagayo ta bayan katangar. Kwamfuta ta rubuta cewa ƙashin kafaɗar Boyd ya karye, sai kaka mai zuwa. Wasan ƙarshe da Lonnie ne, kuma Orval ba shi da ko kwatabak ɗaya.

Lonnie ne ya fara magana. "Hubbell, ka kashe maɓallin nan na mako guda mana. Ba na son cin mutum hannunsa a ɗaure."

"Kada ka kuskura," in ji Orval. "Doka doka ce. Ni na kawo ta, ni zan sha ta."

"Ƙato, ba fa abin..."

"Na ce ba na so, Tackett. Riƙe tausayinka."

Mako guda yana juyayi. Daga ƙarshe ya ɗauki mai miƙa ƙwallo na ƙungiyarsa, ƙato irinsa, ya tsayar da shi a gurbin Boyd. Ya san kashi zai sha. Amma ya lallashi kansa da cewa ko ba komai gari zai ce Orval ya tsaya kan maganarsa, kuma Lonnie gurgu ya doke. Wannan ma ai wani abu ne.

Ranar Lahadi wurin Verna ya cika, har fasto ya zo. Ba a ganin jerin kowa sai an fara. Da sunaye suka fito a talabijin, wani ya ce, "Kai, ku duba na Lonnie!" Kwatabak ɗinsa lafiyayye na zaune a benci. A gurbinsa ya tsayar da mai buga ƙwallo da ƙafa, siririn da bai taɓa jifa ba.

An yi wasannin banza a garin nan, amma ba a taɓa yin irin wannan ba. Wannan ya yar da ƙwallo, wancan ya jefa wa abokan gaba, a dawo a sake. Mutane na dariya har da hawaye. Ƙaton Orval ya fi siririn Lonnie jure duka, katangar da ya gina ta yi aikinta, da ƙyar da jibin goshi ƙungiyar Orval ta ci da 'yar ƙaramar rata.

Hubbell ya miƙa wa Orval kofi, aka tafa sama-sama. Kafin ya buɗe baki ya faɗi jawabin da ya daɗe yana tanadi, kujeru sun juya. Wannan na dafa kafaɗar Lonnie, wancan na girgiza masa hannu. Verna ta dire masa yankan kek ɗin tuffa ta ce yau kyauta ne. Fasto ya ce wannan abin sai ya shiga huɗubar mako mai zuwa. Orval na tsaye rungume da tagulla, wata mata ta ce ya ɗan matsa tana so ta wuce.

A wajen ajiye motoci Orval ya tare Lonnie.

"Wa ya roƙe ka?"

Lonnie ya dube shi, mamakinsa na gaskiya ne, babu gori a ciki. "Me kuma na yi? Ai ka ci."

"Ka san abin da ka yi."

"Haba Ƙato, wasa ne fa." Ya ɗan doki cikin Orval, ya shiga motarsa. "Ka gaida min ƙanwata."

Da Lonnie ya yi ne don ya ƙona masa rai, da Orval ya san inda zai ajiye abin. Amma mutumin ko sani bai yi ba cewa tun suna samari ake fafatawa da shi.

Bai shiga ta falo ba. Ya buɗe gareji, ya tura kofin bayan matattun firjin da yake cire wa kayan gyara. Nadine ta leƙo daga kicin da tawul a hannu, fuskarta cike da sa rai.

"Yaya? Ka ci?"

Ya daɗe yana goge hannunsa a wando.

"Yayanki ya ba ni," ya ce.